Shekaru Biyun Valentino Rossi a Ducati: Tambayoyi da Amsoshi

Duk lokacin da wani zakaran tseren babura ya sauya kamfani ya kasa kataɓus, sunan da ake fara ambata shi ne Valentino Rossi, da zaman da ya yi a Ducati, kamfanin babura na Italiya, a 2011 da 2012. Ga tambayoyin da masu bin MotoGP, babbar gasar tseren babura ta duniya, suka fi yi game da waɗannan shekaru, da amsoshinsu.

Wane matsayi Rossi yake da shi kafin ya koma Ducati?

Babu na biyunsa a lokacin. Ɗan Italiya ne, an haife shi a 1979, ya tashi a ƙaramin garin Tavullia, kuma lamba 46 da yake ɗauka ta zama tambarin da ko wanda ba ya kallon tsere ya sani. Kafin ya sa ƙafa a Ducati yana da kambun duniya tara: ɗaya a ajin 125cc a 1997, ɗaya a 250cc a 1999, sai bakwai a babban aji. Uku daga cikin bakwai ɗin a kan Honda ya ci su, a 2001 da 2002 da 2003. Sauran huɗun a kan Yamaha, a 2004 da 2005 da 2008 da 2009. Tun da ya shiga gasar duniya a 1996 bai taɓa kammala shekara ba tare da cin tsere ko da ɗaya ba.

To me ya raba shi da Yamaha?

Jorge Lorenzo. Yamaha ta ɗauko wannan matashi ɗan Sifaniya a 2008 ta ajiye shi a gareji ɗaya da Rossi, kuma tun ranar farko yaron bai nuna alamar zai zauna a bayan kowa ba. A shekarar aka gitta katanga a tsakiyar garejin. Dalilin da aka bayar shi ne Rossi na amfani da tayar Bridgestone, Lorenzo kuma na amfani da Michelin, don haka bai kamata bayanan kamfanonin biyu su gauraya ba. Sai dai a 2009 kowa ya koma Bridgestone, katangar kuma ba ta gusa ba.

A 2010 komai ya taru wa Rossi. Ya ji ciwo a kafaɗa wajen atisaye a kan babur ɗin tseren turɓaya a watan Afrilu. A watan Yuni kuma ya karya ƙafar dama a filin Mugello na Italiya, a gaban mutanensa, ya rasa tsere huɗu. Lorenzo ya ɗauki kambun shekarar. Rossi ya ga babur ɗin da ya sha wahalar rainonsa tun 2004 ya zama na wani, kamfanin kuma ba ya da niyyar fifita shi a kan yaron. A tsakiyar watan Agusta, bayan tseren Brno, aka sanar cewa ya sa hannu a kwantiragin shekara biyu da Ducati, aka kuma fitar da wasiƙar bankwana da ya rubuta da hannunsa, wadda ya yi wa babur ɗinsa na Yamaha mai suna M1 magana a cikinta kamar masoyiyar da za a rabu da ita.

Me ya sa kusan kowa ya ɗauka zai yi nasara?

Don ya taɓa yi. Lokacin da ya bar Honda a ƙarshen 2003, Honda ce ke da babur mafi ƙarfi, Yamaha kuma rabonta da kambun babban aji tun zamanin Wayne Rainey a 1992. Rossi ya tafi da shugaban makanikansa, Jeremy Burgess ɗan Ostireliya, da yawancin yaran garejinsa, suka haɗu da injiniyan Yamaha Masao Furusawa. Tseren farko na 2004, a Welkom ta Afirka ta Kudu, Rossi ya doke Max Biaggi, ya tsaya a gefen hanya ya sauka ya zauna kusa da babur ɗin, sannan ya sumbace shi. A ƙarshen shekarar kambun na hannunsa.

Ga kuma Ducati ba ta yi kama da gidan da ya rushe ba. Casey Stoner ya ci mata kambu a 2007, kuma a ƙarshen 2010 ma ya ci tsere uku a kanta: Aragon, Motegi da Phillip Island. Lissafin jama'a mai sauƙi ne. In Stoner yana ci da ita, ina ga Rossi? Ƙari a kan haka, Italiya ta daɗe tana jiran ɗanta ya ci kambu a kan babur ɗin gida, abin da ba a gani ba tun Giacomo Agostini a kan babur ɗin MV Agusta a 1972. Burgess ma ya ƙara wa wutar fetur, da ya ce wasu matsalolin da yake hangowa a baburan Ducati, da Rossi ne a kai, cikin daƙiƙa 80 za a gyara su. Wannan magana ta bi shi har ƙarshen aikinsa.

Yaushe aka fara ganin akwai matsala?

Ranar farko. A gwajin da aka yi a Valencia a watan Nuwambar 2010, bayan tseren ƙarshe na kaka, Rossi ya hau Ducati ya ƙare a na 15. Stoner, wanda shi ma a wannan gwajin ya fara hawa Honda, yana can sama. An ɗora laifin a kan kafaɗar da ba ta warke ba, aka yi masa tiyata bayan 'yan kwanaki, mutane suka ce a jira. Shi kuwa daga baya ya faɗa da bakinsa cewa tun zagayen farko-farko ya gane ya shiga uku.

Mene ne ainihin abin da ke damun babur ɗin?

Ba gudu ba ne. A miƙaƙƙiyar hanya Ducati ba ta jin tsoron kowa. Gaban babur ɗin ne matsalar, wato abin da ke faruwa daga lokacin da mahayi ya damƙe birki zuwa lokacin da ya kai tsakiyar kwana.

Ɗan tsere yana shiga kwana a kwance, gwiwarsa na shafar kwalta, abin da ke riƙe da shi kuma ɗan ƙaramin wurin da tayar gaba ke taɓa ƙasa ne, bai kai faɗin tafin hannu ba. A wannan kwanciyar shokozoba ba ta iya aikinta sosai, domin an yi ta ne ta yi sama da ƙasa, gargadar hanya kuma yanzu ta gefe take bugowa. Firam ɗin babur ne ke ɗan lanƙwasawa ya shanye bugun, kuma ta cikin wannan lanƙwasawa mahayi ke jin abin da taya take ciki. Kafin ta sulluɓe takan yi gargaɗi: hannu ya ɗan yi sauƙi, gaba ya ɗan ja waje. Gwani yana jin haka sai ya sassauta birki ko ya ɗan ɗaga babur. Duk cikin ƙiftawar ido ake yin wannan.

Honda da Yamaha suna amfani da firam na alminiyam mai dogayen hannuwa biyu da suka rungumi inji, kuma sun shafe shekaru suna koyon inda za a ƙara kauri da inda za a rage. Ducati ta bi wata hanya dabam. Daga 2009 injiniyanta Filippo Preziosi ya yi watsi da firam ɗin ƙarfe da kamfanin ya saba da shi, ya kawo wani ɗan gajeren akwati na zaren kabon da aka ɗaure kai tsaye a jikin inji, injin da kansa ya zama ƙashin bayan babur. A kan takarda dabara ce mai kyau: ba nauyi, ga ƙarfi. A kan hanya kuwa abin ya yi tauri, kuma gajartarsa ba ta bar wurin lanƙwasawa ba. Mahayi ya zama kamar mai tafiya a kan santsi da ƙafar da ta yi sanyi bayan dogon zama: yana takawa, amma ba ya jin ƙasa, sai dai ya tsinci kansa a kwance.

Akwai kuma siffar injin. Silinda huɗu ne a buɗe kamar harafin L, dogo ne, yana cin wuri, don haka da wuya a matso da nauyi gaba yadda tayar Bridgestone ke so. Wannan taya tana da taurin jiki, sai an danne ta sosai take ɗaukar zafi ta kama ƙasa. A 2007 Bridgestone tana yi wa Ducati taya daidai da bukatarta. Daga 2009 da aka ce kowa taya iri ɗaya zai sa, sai ya zama babur ne zai bi taya, Ducati kuma ita ta fi kowa cutuwa da wannan doka.

Abin da ya sa lamarin ya fi yi wa Rossi ciwo shi ne, duk gwanintarsa a gaban babur take. Mutum ne mai jinkirta birki, ya shiga kwana yana riƙe da shi, ya wuce abokin hamayya a daidai wurin da kowa ke tsoro. An ba shi babur ɗin da ya rufe masa wannan ƙofa.

In haka ne, ta yaya Stoner ya riƙa ci da ita?

A nan gizo ke saƙar. Stoner ya taso ne a tseren zagaye na kan ƙasa a Ostireliya, inda babur ke zamewa tun daga farko har ƙarshe. Ya saba juya babur da tayar baya, da totur da birkin baya, ba ya jiran gaba ta ba shi tabbaci. Yakan kuma matsa tun zagayen farko, abin da ke sa taya ta yi zafi ta kama, alhali wanda ya tsaya lallaɓawa tayarsa na sanyi tana ƙara santsi.

Amma a duba lissafinsa da kyau. Ya ci tsere 10 a 2007, 6 a 2008, 4 a 2009, 3 a 2010. Babur ɗin yana ja da baya a hannunsa shi ma, kuma a 2010 ya sha faɗuwa ta gaba, har da Katar inda yake jan ragamar tsere. Ya yi ta ƙorafi, ba a saurare shi ba, wasu ma suka ce shi ne ba ya iya natsuwa. Sai da Rossi ya hau babur ɗin duniya ta gane irin dutsen da Stoner ya shekara huɗu yana ɗauka. A 2011 da ya samu Honda ya ci tsere 10 ya ɗauki kambu.

Me ya faru tsakaninsu a Jerez?

Tsere na biyu ne na 2011, ana ruwa. A jiƙaƙƙiyar hanya gudu na raguwa, taurin Ducati ba ya damu sosai, sai ga Rossi da ya tashi daga na 12 yana ratsa mutane ɗaya bayan ɗaya. Ya iso bayan Stoner, ya zura ta ciki a kwanar farko daga nesa, gaba ta tafi, ya kwashe Stoner suka zube tare. Ma'aikatan gefen hanya suka yi ca a kan babur ɗin Rossi, ya tashi ya ci gaba har ya ƙare na biyar. Na Stoner ya ƙi tashi.

Bayan tsere Rossi ya taka har garejin Honda don ba da haƙuri, hular kwanonsa na kansa bai cire ba, kyamarori na biye da shi. Stoner ya tarbe shi da murmushi, ya tambaye shi lafiyar kafaɗa, sannan ya gaya masa cewa burinsa ya fi ƙarfin gwanintarsa. Ba a saba gaya wa Rossi irin wannan a gaban jama'a ba. Kuma duk wanda ya san irin gorin da aka yi wa Stoner a shekarun baya ya san ba faɗuwar ranar kaɗai yake ramawa ba.

Ducati ba ta yi ƙoƙarin gyarawa ba ne?

Ta yi, har ma ta yi fiye da kima. A tsakiyar 2011, a Assen, aka kawo wani sabon babur da aka kira GP11.1, wanda aka aro tsarinsa daga na shekara mai zuwa. A Aragon aka kawo gaba na alminiyam. Da yake firam da inji a haɗe suke, sauya ɗaya yana tilasta sauya ɗayan, doka kuma ta ba kowane mahayi inji shida kacal a shekara. Rossi ya buɗe na bakwai, aka hukunta shi ya tashi daga layin gareji. A 2012, da aka koma injin 1000cc, Ducati ta haƙura ta yi cikakken firam na alminiyam irin na Japanawa.

Sai dai abin da Yamaha ta koya cikin shekaru ashirin ba a koyonsa cikin wata shida. Ducati ƙaramin kamfani ne a unguwar Borgo Panigale ta Bologna, ba ta da hannun da za ta ƙera firam biyar a gwada a zaɓi ɗaya. Yawan sauye-sauyen ma ya hana a tsaya a fahimci ko ɗaya. A tseren farko na 2012 a Katar Rossi ya ƙare na goma, ya fito ya ce a fili ba ya iya tuƙa wannan babur.

A taƙaice, me ya samu a shekaru biyun?

Tsere 35, babu nasara ko ɗaya, sau uku ya shiga ukun farko. A 2011 ya yi na uku a Le Mans, shi ma bayan Dani Pedrosa da Marco Simoncelli sun yi karo a gabansa, ya kammala shekara a na bakwai da maki 139, Stoner na da 350. A 2012 ya yi na biyu a Le Mans cikin ruwa, inda ya wuce Stoner a zagayen ƙarshe, ya sake yin na biyu a Misano a busasshiyar hanya, ranar da Stoner ke jinya, Pedrosa kuma aka kayar da shi a zagayen farko. Ya ƙare na shida da maki 163. Abokin garejinsa Nicky Hayden, Ba'amurke zakaran 2006, ya yi na takwas da na tara.

Ba tsufa ko ciwon kafaɗa ba ne?

Kafaɗa ta dame shi a farkon 2011, daga nan ta warke sakamako bai sauya ba. Batun tsufa kuwa abin da ya biyo baya ya amsa shi: mutumin da ya zo na biyu a duniya sau uku a jere yana da shekara 35 zuwa 37 bai tsufa yana 32 ba.

Ina labarin rasuwar Simoncelli ya shigo?

Ranar 23 ga Oktoba 2011, a Sepang ta Malesiya. Simoncelli ya zame a zagaye na biyu, babur ɗinsa ya dawo da shi tsakiyar hanya, Colin Edwards da Rossi da ke biye ba su da inda za su kauce. Ya rasu yana da shekara 24, aka soke tseren. Aminin Rossi ne na kusa, tare suke atisaye. An yi ta raɗe-raɗin cewa Rossi zai ajiye hula, bai ajiye ba. Wannan ba shi ya jawo matsalar babur ba, amma duk mai auna nauyin shekarar 2011 a kansa dole ya sa shi a ma'auni. Filin Misano da Rossi ya yi na biyu a kai a 2012, sunan Simoncelli aka sa masa.

To laifin wa?

Mafi yawa na Ducati ne. Shekara huɗu gwanintar Stoner tana rufe mata asiri, ta kuma ɗauka cewa babur lafiya lau yake, mahaya ne ba su iya ba. Amma Rossi da Burgess ba su fita fes ba. Sun raina aikin, sun raina Stoner, sun shiga da tunanin cewa abin da suka yi a Yamaha za su maimaita. A Yamaha sun tarar da babur mai lafiyayyen firam da ke bukatar gyaran inji, da kamfani mai kuɗi da ke shirye ya ba su duk abin da suka nema. Kuma Rossi, mai shekara goma sha biyar yana cin nasara da salo ɗaya, ya fi son a sauya babur ya dace da shi a kan ya sauya kansa. Ba na ganin za a zarge shi sosai a kan haka, domin salon Stoner ba riga ba ce da za a ara a saka, amma gaskiya ce dai.

Shi kaɗai ne zakaran da hakan ta faru da shi?

A'a, kuma da an lura, gani ga wane ya isa. Marco Melandri, zakaran 250cc na 2002 wanda ya zo na biyu a MotoGP a 2005, ya je Ducati a 2008 ya ƙare na 17, a shekarar da Stoner ya ci tsere shida a kan babur iri ɗaya. Bai yi shekara ta biyu ba.

Lorenzo da ya ture Rossi daga Yamaha shi ma ya ɗanɗana. Ya koma Ducati a 2017 da kambun MotoGP uku, ya shekara bai ci ko ɗaya ba. A 2018 aka sauya masa siffar tankin mai don ya samu abin tokarewa lokacin birki, nan take ya ci Mugello da Kataloniya, daga baya ya ƙara da Ostiriya. Sai dai alƙalami ya riga ya bushe, ya amince da tafiya Honda. A can 2019 ta zame masa azaba: bai shiga goman farko ko sau ɗaya ba, ya ji ciwo a ƙashin baya a Assen, ya yi ritaya a ƙarshen shekara. Joan Mir, zakaran 2020 a kan Suzuki, ya koma Honda a 2023 ya yi ta shan ƙasa.

Akwai waɗanda sauyin ya karɓa. Eddie Lawson ya ci 1988 a Yamaha ya ci 1989 a Honda. Marc Márquez ya bar Honda ya hau Ducati a 2024, ya ɗauki kambun 2025. Amma Ducatin da Márquez ya hau ita ce babur ɗin da kowa ke kwaɗayi a lokacin.

Yaya ta kaya da ya koma Yamaha?

An sanar da komawar a watan Agustan 2012, duk da cewa Audi ta sayi Ducati a shekarar kuma ta so ya zauna. Ya koma a matsayin na biyu a gidan da Lorenzo ke mulki. Ya ci Assen a 2013, nasararsa ta farko tun Sepang 2010. A ƙarshen shekarar ya rabu da Burgess ya ɗauko Silvano Galbusera, ya kuma yi abin da ya ƙi yi a Ducati, wato gyara salon hawansa ya bi na yaran zamani. Ya zo na biyu a 2014 da 2015 da 2016. A 2015 maki biyar kacal suka raba shi da kambu na goma. Nasararsa ta ƙarshe a Assen ce a 2017, ya yi ritaya a Valencia a 2021.

Da ya haƙura ya zauna a Ducati, da ya ci kambu?

Da wuya ƙwarai. Bayan tafiyarsa aka cire Preziosi daga shugabancin sashen tsere, a ƙarshen 2013 aka ɗauko Gigi Dall'Igna daga Aprilia, wanda ya sake tsarin aiki da babur ɗin tun daga tushe. Duk da haka Ducati ba ta sake cin tsere ba sai a watan Agustan 2016 a Ostiriya, ta hannun Andrea Iannone, kusan shekara shida bayan nasarar Stoner ta ƙarshe. A lokacin Rossi na da shekara 37. Kambun kuwa sai 2022 ya zo, kuma Francesco Bagnaia ne ya kawo shi, ɗaya daga cikin yaran da suka fito daga makarantar horar da 'yan tsere ta VR46 da Rossi ya kafa a Tavullia. Ƙungiyar tseren Rossi ita ma baburan Ducati take hawa tun 2022, kuma a kansu Marco Bezzecchi ya ci mata tserenta na farko a Ajantina a 2023.